Na Hukunta Auta Kafin In Saurare Ta

A yawancin gidajenmu, idan aka kama yarinya da littafin soyayya, tambaya biyu ake yi mata: a ina kika samo shi, wa ya ba ki. Daga nan sai hukunci. Da wuya ka ga wanda zai zaunar da ita ya ce, to me kika gani a ciki, wa ya burge ki, wa ya ba ki haushi? Haka na yi wa ƙanwata a birnin Alƙahira a shekarar 2022, kuma har yau tabon bai gama bajewa a tsakaninmu ba. Da izininta nake rubuta wannan, ko wata yayar ko wata uwar za ta dakata kafin ta aikata abin da na aikata.

Muna zaune ne a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, unguwar da ta tara baƙi daga Sudan da Somaliya da Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka. Maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma ina gida da yara, ina zuwa darasin Larabci wurin wata malama 'yar Masar. Autarmu ta gama sakandare a Katsina tana da shekara 19, sai aka turo ta wurina ta koyi Larabci, ta nemi gurbin karatun aikin jinya. Abin da aka gaya mata ke nan a gida. Sauran maganar sai da ta iso ta ji: akwai wani abokin maigidana, mutumin kirki, mai ilimi, wanda ya ba ta shekaru masu yawa, ya nuna yana son haɗa zuri'a da gidanmu. Ni ce na kai maganarsa gida, ni ce na yabe shi wurin Baba da Hajiya, ni ce kuma na kawo shawarar a turo ta su ga juna. Ranar da na faɗa mata, ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." Na ɗauki wannan "to" ɗin na aika gida cewa Auta ta amince.

Wata rana da yamma ta bar wayarta a falo ta shiga kicin. Ƙaramin ɗana ya ɗauka yana latse-latse, na karɓe, sai idona ya faɗa kan bangon wani littafi: ƙaton namiji mai shuɗin jiki da ƙahoni, ga mace a jikinsa. Sunan littafin Ice Planet Barbarians, da Turanci aka rubuta shi. Na buɗe tsakiya, na ci karo da wani shafi mai nauyi, na kwanciyar mace da namiji, an faɗi komai ba sakayawa. Jikina ya yi sanyi, daga baya zuciya ta ɗebe ni.

Abu uku na yi a wannan yammacin, kowanne ya fi na gabansa muni. Na ƙwace wayar. Na yi mata faɗa a gaban maigidana da yarana, har da kalmomin da ba zan maimaita a nan ba. Sannan na ɗauki hoton bangon littafin na tura zauren WhatsApp na danginmu, na rubuta a ƙasa cewa ku ga abin da Auta take karantawa a ƙasar da aka turo ta neman ilimi. Magana zarar bunu ce, ballantana wadda ta shiga wayar mutum fiye da goma. Kafin a yi sallar isha'i gwaggonninmu da kawunnanmu duk sun gani. Wata ta ce wannan ai hoton aljani ne, a bincika ko namijin dare ya aure ta, a yi mata ruƙiyya. Hajiya ta kira ni tana kuka. Washegari Baba ya yanke magana: da an ce sai ta yi nisa a karatu, yanzu kuwa a ɗaura auren bayan Babbar Salla, tunda har idonta ya buɗe haka.

Auta ba ta yi musu ba. Abu ɗaya kawai ta ce mini: "Yaya, ba ki karanta ba." Na ce Allah Ya tsare ni da karanta ƙazanta. Daga ranar ta shiga ɗaki. Za ta tafi makaranta, ta dawo, ta yi aikin da aka sa ta, ta ci abinci ita kaɗai. Ni kuwa ina ganin na yi aikin yaya, na tare ɓarna tun tana ƙarama. Ina ta faɗa wa kaina cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Malamata ce ta fara girgiza ni. Na ba ta labarin ina jiran ta yaba mini. Ta yi shiru, ta tashi ta shiga ciki, ta fito da wani kwali cike da ƙananan littattafai masu girman tafin hannu, takardarsu ta yi ja don tsufa. Ta ce waɗannan su ne suka raine ta. Sunansu Riwayat Misriyya lil-Jaib, wato labaran Masar na sakawa a aljihu, waɗanda aka fara bugawa a Alƙahira a 1984. Ta nuna mini jerin Malafful Mustaƙbal na Dakta Nabil Faruƙ, likita ɗan garin Tanta wanda ya rasu a 2020, labarin wani jami'i mai suna Nur da matarsa Salwa da abokan aikinsu, waɗanda a wasu littattafan suke fafatawa da halittun da suka zo daga wasu duniyoyi suka mamaye tamu. Ta nuna mini Ma Wara'aɗ Ɗabi'a na Dakta Ahmad Khalid Taufiƙ, shi ma likita ɗan Tanta, wanda ya fara jerin a 1993 a kan wani tsohon likita mai suna Rif'at Isma'il, mai yawan gamuwa da abubuwan ban tsoro. Akwai kuma Zuhur, jerin labaran soyayya da masu buga shi suke tallata shi da cewa uwa ko uba ba za su ji kunyar ganinsa a gida ba. Ta ce har yanzu in na je Surul Azbakiyya, kasuwar tsofaffin littattafai da ke kusa da Ataba, zan same su jibge.

Ta ce duk da tsaftar waɗannan littattafai, mahaifinta ya sha yaga mata su, yana cewa shirme ne da ɓata lokaci. Amma da Ahmad Khalid Taufiƙ ya rasu a watan Afrilun 2018, matasa ne suka yi tururuwa zuwa Tanta wurin jana'izarsa, domin shi ne ya sa da yawansu suka fara riƙe littafi don ra'ayin kansu. Na ce mata ai wannan daban, na Auta batsa ce tsagwaronta. Ta ce ta yarda, ita ma ba za ta ba 'yarta irinsa ba. Sannan ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, ni ba littafin nake karewa ba. Kin tambaye ta wa take so a cikin mutanen labarin, wa kuma take ƙi? Shekaruna nawa ina koyarwa, ban taɓa ganin ɗalibai biyu sun karanta labari ɗaya sun fito da abu ɗaya ba." Ban iya ba ta amsa ba, domin ban tambaya ba, bai ma zo mini a rai ba.

A daren na buɗe wayar Auta, wadda take cikin durowata tun ranar da na ƙwace ta, na fara karantawa daga shafin farko. Wata Ba'amurkiya ce mai rubutu da sunan Ruby Dixon ta wallafa shi da kanta a intanet a 2015. Ya yi shekaru yana yawo a tsakanin masu son irinsa, sai a 2021 'yan mata suka fara zancensa a TikTok, ya yi tashe, har kamfanin Berkley ya saya ya sake buga shi. Ta nan Auta ta ji labarinsa, kamar dubban sa'o'inta a ƙasashe daban-daban.

Ga yadda labarin yake. Wasu halittu daga wata duniya sun sace 'yan mata daga gidajensu, sun zuba su a ɗakin kaya na kumbonsu kamar dabbobin sayarwa, masu gadinsu suna cin zarafinsu. Kumbon ya samu matsala, aka yar da ɗakin da matan a wata duniyar da ba komai cikinta sai ƙanƙara. Ɗaya daga cikinsu mai suna Georgie ta fita neman taimako, ta faɗa tarkon wani mafarauci mai suna Vektal, shugaban wata ƙaramar ƙabila ta shuɗɗan mutane masu ƙaho, ƙabilar da mata suka yi mata ƙaranci ƙwarai. A wannan duniyar ba mai rayuwa sai an dasa masa wata halitta mai kama da tsutsa a jiki, wadda suke kira khui. Ita ke hana iskar wurin kashe mutum, amma wanda ya karɓe ta ya zama ɗan wurin har abada. Ita ce kuma ke zaɓa wa mutum abokin aure: idan ya kusanci wanda ta zaɓa, sai ta fara gurnani a ƙirjinsa, daga nan magana ta ƙare.

Ban janye ra'ayina game da shafukan batsar ba. Suna nan, suna da yawa, kuma ba abin da zan miƙa wa ɗiyar musulmi ba ne. Amma ban kai rabin littafin ba sai da gabana ya fara faɗuwa saboda wani dalili na daban. Na fara zargin abin da ya riƙe Auta a cikinsa, kuma zargin ya nufo ni ne kai tsaye.

Da safe na shiga ɗakinta, na ajiye mata wayar, na ce, "Auta, na karanta. Na zo ki gaya mini abin da kika gani a ciki." Ta daɗe tana kallona kamar tana auna ko wani sabon tarko ne. Sannan ta jawo littafinta na darasin nahawu, ta juya shi ta baya. Shafuka da dama ta cika da rubutu, Hausa gauraye da Turanci, duk a kan mutanen wannan labari.

Game da Georgie, ta rubuta cewa tana sonta ne saboda ita ce ta fita cikin sanyi don sauran matan, ba don kanta ba. Amma ta ji haushin yadda ta yi saurin sakin jiki. Ta ce mace da aka raba da uwarta da garinsu da duk wanda ta sani, ya kamata a bar ta ta yi kuka mai tsawo kafin a fara yi mata zancen miji.

Game da Vektal ne ta fi yin rubutu, kuma a nan ne na gane zurfin tunanin yarinyar da nake yi wa kallon ƙaramar ƙanwa. Ta ce mutumin ba mugu ba ne, yana ciyar da ita, yana lulluɓe ta daga sanyi, yana ɗaukarta idan ta gaji, kuma wannan kirkin nasa shi ne babbar dabarar marubuciyar. Da an yi shi mugu, da kowane mai karatu ya ga zaluncin a fili. Da aka yi shi mai tausayi, sai mai karatu ya manta cewa matar ba ta da inda za ta. Ta ja layi a ƙarƙashin jimla guda: kirkin namiji ba ya mayar da dole ta zama so.

Tsutsar nan kuwa, ta ce ita ce ta fi ba ta tsoro a duk littafin, fiye da masu satar. Dalilinta shi ne tsutsar ta wanke kowa daga laifi. Namijin zai ce ba ni na zaɓa ba, ƙabilar za ta ce ba mu muka haɗa ba, matar ma an hana ta bakin cewa a'a, tunda ƙirjinta ya riga ya amsa a madadinta. Ta rubuta cewa haka mutane suke yi: su zauna su ƙulla abu da hannunsu, in an tambaye su sai su ce rabo ne. A ƙarshen labarin an ce wa matan su zaɓa, ko su karɓi tsutsar su zauna, ko su ƙi. Auta ta tambaya a gefen shafi: wanda aka ce ya zaɓa tsakanin aure da mutuwa, an ba shi zaɓi ke nan?

Wadda ta fi ƙauna ita ce Liz, mai kaifin baki, wadda ba ta raga wa kowa. Ta ce saboda ita ta nemi littafi na biyu, don ta ga ko za a bar mace ɗaya ta tsaya a kan a'arta. Sai ta tarar ita ma wani daga cikin mazan ya ɗauke ta ya gudu da ita, kuma a ƙarshe an sa ta so shi. A nan ta daina karanta jerin. Ashe ranar da na kama wayar, ta koma littafin farko ne tana neman wani wuri da za ta ƙara a rubutunta.

Ba ta ɓoye mini sauran gaskiyar ba. Ta ce akwai wuraren da ta ji daɗinsu, domin kowace mace tana son labarin namijin da ya ɗauke ta da muhimmanci. Akwai kuma shafukan da ta ji kunyarsu, wasu ta tsallake, wasu ta karanta ta yi istigfari. Ta ce da na zaunar da ita na yi mata faɗa a kan wannan, mu biyu, da ta karɓa, don ta san da gaskiyata.

Sannan ta rufe littafin nahawun ta ce, "Yaya, ni ma a jirgi aka ɗauko ni. Aka sauke ni a garin da ban iya harshensu ba, ban san kowa ba sai ke. Fasfona yana hannun mijinki, kuɗin komawa ba ni da shi. Sai kika ce ga mutumin kirki, Baba ya yarda, Hajiya ta yi murna, ke me kika ce? To me zan ce? Ban ce mugu ba ne. Ban dai san shi ba, kuma karatu na zo yi."

Na yi kuka a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Sai a lokacin na ga girman abin da na aikata. Yarinyar nan ta rasa wanda za ta gaya wa damuwarta, ta samu wani labari na shuɗɗan halittu a duniyar ƙanƙara, tana amfani da shi tana warware abin da ya cushe mata a rai, har ta kai ga gane cewa ba ta yarda da auren ba. Ni kuma na zo na fizge shi, na tona mata asiri a gaban dangi, kuma sanadin tonon aka matso da auren da take gudu. Na ɗauka littafin ne yake jan ta zuwa ga namiji, alhali ita gardama take yi da littafin shafi bayan shafi.

Da hankalina ya dawo, na tuna cewa labarin mace da wata halitta ta ɗauke ba baƙo ba ne a wurinmu, ba kuma Amurkawa suka fara shi ba. Tun muna yara kakarmu take yi mana tatsuniyar yarinyar da ta faɗa hannun Dodo ya mayar da ita matarsa, mu kuma muna zaune muna jiran yadda za ta tsere. A farkon Dare Dubu da Ɗaya, littafin da maɗaba'ar Bulaƙ ta nan Alƙahira ta buga a 1835, Sarki Shahrayar da ɗan'uwansa sun gamu da wata mace da ifiritu ya sace a daren aurenta ya kulle a akwati. Wannan littafin ma bai tsira ba, domin a 1985 wata kotu a Alƙahira ta ba da umarnin ƙwace wani bugunsa saboda zargin batsa, kafin kotun gaba ta soke hukuncin. Hatta tafiya sararin samaniya tare da baƙuwar halitta muna da ita a Hausa tun 1969, a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaron nan Kilba ya yi sama da shi. Aljani ne ko Dodo ko shuɗin mutum mai ƙaho, tambayar da ke ƙarƙashin labarin macen da aka ɗauke guda ce: idan aka raba ki da gida, aka miƙa ki ga wanda ba ki sani ba, ya za ki yi? Mata suna komawa ga irin wannan labari ne saboda da yawansu sun san tambayar a rayuwarsu.

Marubutanmu mata sun daɗe suna yin ta a fili, ba tare da sun ari aljani ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan Abu, yarinyar da aka raba da karatu aka ba wani dattijo. Na karanta shi ina budurwa, na zubar wa Abu hawaye, na tsine wa waɗanda suka yi mata haka. Ga shi na girma na tsaya a inda suka tsaya, ban ko lura ba, saboda mutumin da na kawo matashi ne idan aka kwatanta, mai ilimi, mai addini, ba irin tsohon da ke cikin littafi ba. Na kuma tuna 2007, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da nufin kare tarbiyyar 'yan mata 'yan makaranta. Niyyar kare tarbiyya niyya ce mai kyau, ita ce ma tawa a ranar da na ƙwace wayar. Sai dai wuta tana cin takarda ne kawai. Damuwar da ta kai yarinya ga littafin tana nan a ranta, sai ma ta ƙara koyon ɓoyewa.

Gyaran ya fi ɓarnar wuya. Na fara da maigidana, na gaya masa komai, ya miƙa wa Auta fasfonta a hannu a ranar. Sannan na kira Baba. Na ce, "Baba, ni ce na yi kuskure tun farko. Na ce muku Auta ta amince, alhali kunya ce da rashin mafita suka sa ta ce to." Ya yi faɗa sosai, ya ce magana ta riga ta fita, ya za a yi ya dubi mutane. Na tuna masa abin da shi da kansa ya karantar da mu, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u bint Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da sonta ba, kuma ya yi umarni a nemi izinin budurwa. Na ce shirun da ake ɗauka izini shi ne na wadda za ta iya cewa a'a ta ƙi faɗa don kunya, Auta kuwa mun toshe mata duk wata ƙofa sannan muka tambaye ta. Ya kashe wayar bai ce komai ba. Bayan kwanaki ya kira ta da kansa, suka daɗe suna magana, ban san me suka ce ba har yau. Abokin maigidana, da aka yi masa bayani, ya nuna dattaku. Ya ce ba ya son matar da aka ritsa, ya janye, kuma bai canza wa gidanmu fuska ba.

Na koma zauren dangi na rubuta cewa na zalunci Auta, na yanke mata hukunci ban ji ta bakinta ba, ina neman gafararta a inda na kunyata ta. Mutum kaɗan ne suka amsa. Hoton kuwa ya riga ya zauna a wayoyi. Har yanzu akwai gwaggon da in an ambaci Auta sai ta ce, wannan mai littafin aljanun? Wata magana ta aure da ta taso mata daga baya a gida, an ce sai da aka kai wa dangin yaron wannan labari. Ni na jawo mata, kuma neman gafara bai goge shi ba. Tana karatun jinyarta yanzu, muna hira, muna dariya, ta ce ta yafe mini, na kuma yarda. Amma akwai abubuwan da a da ni za ta fara gaya wa, yanzu sai dai in ji su a bakin Hajiya.

Ba ina cewa a sakar wa yara waya su karanta duk abin da suka ga dama ba. Akwai rubutun da yake lalata zuciya, kuma haƙƙin babba ne ya tsawatar. Abin da na koya shi ne tsawatarwa tana da tsari, kuma matakin farko shi ne tambaya. Bangon littafi yana gaya miki abin da mai sayarwa yake so a gani, ba ya gaya miki abin da ke faruwa a zuciyar mai karatu. Wata za ta karanta labari ta ruɗu, wata ta karanta shi ta farka, ba kuwa yadda za a yi ki san wacce ce a gabanki sai kin ji ta bakinta. Idan kin tambaya kin ga akwai gyara, ki yi shi a ɗaki, ku biyu, domin asirin da kika kai gaban dangi ya fita daga hannunki har abada. Sannan ki binciki kanki: mai yiwuwa abin da ya kora yarinyar cikin littafin, ke ce kika ɗora mata shi.

Ga iyaye da yayye masu ƙulla aure kuma, ina roƙonku da abin da na saya da tsada. Kada ku tambayi yarinya ra'ayinta bayan kun gama shirya komai, tana ƙasar da ba tata ba ko a gidan da ba ta da iko da ko kuɗin mota. Ku tambaye ta tun magana ba ta fita ba, ku gaya mata a fili cewa in ta ce a'a ba wanda zai yi fushi da ita, kuma ku cika wannan alkawari. In ta ce to bayan haka, sai ku sa albarka da zuciya ɗaya.